Batirin Eneloop a cikin Zoom H5: ra'ayina bayan na gwada

Zoom H5 rikoda ce mai kyau, amma ƙarfinta duka yana rataye ne a kan batirin AA guda 2, irin wanda ake sa wa agogon bango. Ina ɗaukar hirarraki ga shirin rediyo, wani lokaci a ƙauyukan da ko fitilar titi babu, don haka maganar batir ta fi maganar makirfo damuna.

Kamfanin Zoom ya ce batirin alkalin, wanda ba a cajinsa, na iya kai ta wajen awa 15. Hakan na yiwuwa idan makirfon da ke kanta kaɗai kake amfani da shi. Da zarar ka jona makirfon waje ka kunna masa wutar bolt 48 da yake buƙata, lissafi ya canja, sai ka ga batir na zuƙewa kana kallo. Batiran nan masu arha na kan tebur kuwa, na tocila da rimot aka yi su. Na ga wanda ya yi sanyi tun mai unguwa bai gama gaisuwa ba.

Shi ya sa na koma Eneloop farare na Panasonic, masu caji. Kamfanin Sanyo ne ya fara fitar da su a 2005. Kowanne na ɗaukar aƙalla mAh 1,900 (ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), kuma masu shi sun ce zai jure caji har sau 2,100. Akwai baƙaƙe, Eneloop Pro, da suka kai wajen mAh 2,500, amma sau 500 ake cajinsu. Ni dai farare sun ishe ni. Abin da ya fi burge ni shi ne ba sa zubar da caji a ajiye. Ka cika su, ka jefa a jaka, bayan watanni ka ɗauko su da sauran ƙarfinsu. Ga wanda wutar unguwarsu sai ta ga dama take zuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai akwai inda mutane da yawa ke tuntuɓe. Alkalin bolt 1.5 yake farawa, yana sauka a hankali. Eneloop kuwa 1.2 ne, kuma yana tsayawa a nan kusan har ƙarshe, sannan ya faɗi lokaci guda. Idan ba ka shiga saitin rikoda ka zaɓi Ni-MH, wato nau'in Eneloop, a wurin nau'in batir ba, alamar da ke kan allo ƙarya za ta riƙa yi maka. Ko ka saita ɗin ma, in layi ɗaya ya rage, tsayar da hirar, nemi afuwar baƙonka, ka canja. Rikodar da ta mutu tana tsakiyar naɗi na iya barin maka fayil ɗin da ba zai buɗu ba, kuma dattijon da ya ba ka tarihin garinsu ba lallai ya maimaita ba.

Caja ma tana da muhimmanci. BQ-CC55 nake amfani da ita, tana duba kowane batir shi kaɗai, da ɗan haske ja, rawaya ko kore. Ina haɗa su bibbiyu, in sa musu lamba da alƙalami, ba na cakuɗa sabo da tsoho. Cikakku a aljihun dama, waɗanda suka ƙare a hagu.

Fawa bank ta USB tana aiki, musamman a dogon zama irin na tafsirin azumi. Amma wasunsu kan kashe kansu idan na'ura ba ta jan wuta sosai, don haka gwada naka a gida tukuna, kuma kada ka cire batir daga cikin rikodar. Rage hasken allo, kashe wutar bolt 48 in ba a buƙata, kuma kar ka bar jakar cikin mota a zafin Afrilu.

Tsada kam akwai, ga jabu a kasuwa, sai ka san wa kake saya a hannunsa. Amma tunda na sayi guda 8 da caja, ban sake tsayawa neman batir a tasha ba.