Ɗan rakiyar da ya hau da mu dutsen Sukur

Duk mai niyyar zuwa Sukur, ƙauyen nan na kan duwatsun Mandara a ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, ya nemi ɗan rakiya ɗan gari. Namu dai ya ci kuɗinsa halak. Ya bi da mu ta hanyar da aka shimfiɗe da duwatsu har fadar Hidi, wato sarkin Sukur, yana nuna mana gonaki hawa-hawa da tsoffin wuraren narka ƙarfe, sana'ar da ta ɗaukaka garin. Hatta hare-haren da Hamman Yaji, wani sarkin Madagali na da, ya kai wa garin bai ɓoye mana ba, kuma hakan ya burge ni ƙwarai. A 1999 UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na duniya, na farko a Najeriya.

Saurinsa ne kawai ya wahalar da dattawanmu, don hawan akwai wuya. Ku tambayi halin tsaro kafin ku kama hanya.