Ranar da Kwamfuta Ta Sauke Mu Cikin Hazo

Jama'ar gida, assalamu alaikum. Tun da na dawo Ingila a watan Disamba wani abu ke ta yi mini yawo a rai, na ce sai na ba ku labarinsa.

Da asuba muka iso sararin Landan. Na leƙa ta taga, fari fat, ko bakin fuffuken jirgin ba na hangowa. Irin hazon sanyin nan ne mai laima, wanda ke kwanciya a ƙasa kamar auduga. Can sai matuƙi ya yi magana, ya ce kowa ya kashe wayarsa, yau kwamfutar jirgin ce za ta sauke mu, shi da mataimakinsa ido kawai za su sa mata. Gabana ya faɗi. Dattijuwar da ke gefena ko ɗaga kai daga jaridarta ba ta yi ba, ni kuwa na kama salati. Ban ga ƙasa ba, ban ga gini ba, sai ji na yi tayoyi sun taɓa kwalta a hankali, sannan fitilun titin suka fara ɓullowa ɗaya bayan ɗaya.

Ban huta ba sai da na bi diddigin abin. Ashe a can ƙarshen titin sauka akwai eriya mai aika sigina da ke riƙe jirgi a kan layin tsakiya, wata kuma a gefe tana shata masa gangare na digiri 3. A cikin jirgin wata na'ura ke auna tazarar da ta rage zuwa ƙasa, kwamfuta ta rage wuta, ta ɗan ɗaga hancinsa ya zauna. Kwamfutocin biyu ne ko uku, kowace na duba aikin 'yar uwarta, in suka saɓa matuƙi ya karɓa ya sake tashi sama. Wannan tsarin sauka mataki-mataki ne: a mataki na 1 dole matuƙi ya ga titi daga tsayin mita 60, ido kuma na kaiwa mita 550. A mataki na 3 ana sauka ko da ganin bai wuce mita 75 ba. In gari ya yi garau, da hannu matuƙa suka fi sauka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne daɗewar fasahar. Ranar 10 ga Yuni 1965 jirgin Trident na kamfanin BEA ya taso daga Faris da fasinjoji, na'ura ta sauke shi a filin jirgin Heathrow na Landan. A Janairun 1969 jirgin Caravelle na kamfanin Air Inter ya sauka a filin jirgin Orly na Faris cikin hazo sosai. Wajen shekara 60 ke nan fa!

Kada ku ɗauka komai sumul ne. In hazo ya sauka, sai a ƙara tazara tsakanin jirage, a nisantar da motoci da jiragen da ke jira daga eriyoyin don kada sigina ta karkace. Jiragen da ke sauka a awa ɗaya su ragu, a soke wasu. Mun fi minti 40 muna kewaya sama, bayan mun sauka kuma jirgin ya dinga rarrafe har jirgin ƙasan da zan hau ya tafi ya bar ni. Na rasa mutum ɗaya da zan yi wa tambaya, sai allo da inji. A nan kewar gida ta kama ni, inda ko baƙo ya ga fuskarka a haka sai ya ce maka lafiya?

Amma wallahi ban manta da hazon bara a gida ba. Kwana uku muna zarya filin jirgi, babu mai ce mana uffan sai "a yi haƙuri, yanayi ne". Alhali irin waɗannan Boeing da Airbus ɗin ne ke ɗaukarmu. A ƙasa aikin yake: a riƙa tayar da jirgi na musamman yana gwada sigina, fitilun titi su sami wutar da in ta ɗauke wata za ta karɓa cikin daƙiƙa 1, matuƙa su riƙa komawa horo. Mu kuwa mun iya sayo kaya a yanka ƙyalle a ɗau hoto, kulawar yau da gobe ce ke gagararmu, in abu ya lalace mu ɗora wa ƙaddara. A layin jira na filin jirgin a baran nan na tsaya da wani bawan Allah da zai kai mahaifiyarsa ganin likita. Tana zaune a keken marasa lafiya, takardar asibitin a hannunta, ranar da aka rubuta a jiki ta wuce tun jiya.