Wata huɗu ina haɗa Alapin a Lichess saboda masu buga mini Sisiliyan, ga yadda na same shi

Jama'a duk wanda yake buɗe wasan ces da e4 ya san abun da nake nufi, kana tura sojan gaban sarki gida biyu kafin ka ɗauke hannu an amsa maka da c5. Sisiliyan kenan. Ni shekara kusan biyu wannan c5 ɗin tana ci min tuwo a ƙwarya, idan aka amsa min da e5 wasa na tafiya daidai na san inda zan kai doki na san inda zan kai bishof, amma da na ga c5 sai in ji kamar an ajiye ni a unguwar da ban san lungunanta ba kuma abokin karawata nan aka haife shi. Shi ya sa na zauna na ce sai na samo mata magani guda ɗaya da zan riƙe, kuma kayan aikin da na yi amfani da su duka na Lichess ne, shafin buga ces a intanet, su nake so in yi magana a kai.

Kafin nan na taɓa sayen wani kwas na bidiyo da dala, ba zan faɗi sunan wurin ba, a kan hanyar da ake buga Nf3 sannan d4 a buɗe tsakiya. Malamin ya iya, ban raina iliminsa ba, amma ya ɗauka ni mai shirin gasar ƙasa da ƙasa ne. Babi guda na Najdorf, babi guda na Dragon, na Sveshnikov daban, na Taimanov daban, na Kan daban, duk rassan Sisiliyan ne, ko wanne sai an kai taki goma sha biyar ko ashirin kafin ya ce to daga nan wasa ya fara. Data ta ƙare a kallon bidiyo, kuɗina sun tafi, kuma da na koma wasa mutanen da nake haɗuwa da su ba sa bin ko ɗaya daga layukan nan, a taki na biyar sun kauce, ni kuma ban san me ya sa kaucewar ta zama kuskure ba balle in hukunta su.

To wani abokina da muke bugawa da yamma shi ya ce min me zai hana ka gwada c3 a taki na biyu, Alapin. Sunan wani ɗan wasan Rasha ne Semyon Alapin, ya rasu a 1923. Dabarar mai sauƙin ganewa ce wallahi, kuma ita ta fara burge ni. Mai baƙi yana buga c5 ne don in ka tura d4 ya cinye shi da sojan gefe, ya ba ka na gefe ya karɓi na tsakiya, shi ya rage da sojoji biyu a tsakiya kai kana da ɗaya. Idan ka fara sa c3, to duk sanda ya ci d4 da soja zaka rama ba da doki ba, sai ka tashi da e4 da d4 a jere. Duk tanadin da ya yi na Najdorf ko Dragon ya tashi a banza tun taki na biyu.

Yanzu ga Lichess ɗin kanta. Wani ɗan Faransa mai suna Thibault Duplessis ya kafa ta a 2010, kyauta ce gaba ɗaya, ba talla ko ɗaya, ba wani sashe da aka kulle aka ce sai ka biya, da gudummawar masu amfani da ita take tafiya. Wannan a wurinmu ba ƙaramin abu bane, duk wanda ya taɓa fama da biyan dala da katin banki ya san abun da nake cewa.

Abun da ya fi min amfani shine Explorer, wani ɗan hoton littafi ne a ƙasan allon nazari, kana danna shi sai ya jero maka duk takin da aka taɓa bugawa a wannan matsayin, sau nawa, kuma fari ya ci nawa baƙi ya ci nawa canjaras nawa. Rumbu uku ne a ciki. Akwai na manyan ƴan wasa masu reting ɗin FIDE, hukumar ces ta duniya, 2200 zuwa sama tun daga 1952, akwai na wasannin da aka buga a Lichess ɗin, sannan akwai na mutum ɗaya, ka sa sunanka ko na wani ka ga abun da yake bugawa. Na biyun nan shine zinariyar, saboda zaka iya tacewa ka ce a nuna min wasannin masu reting irin nawa kawai, kuma rafid kawai ko bilitz kawai, wato wasan sauri ko na sauri sosai. Ranar da na fara tace shi haka na gane inda na yi ta ɓata lokaci. A rumbun manya amsoshi biyu ne suka mamaye bayan c3, ko Nf6 ko d5. A matakina kuwa Nc6 da d6 da e6 nake ta cin karo da su, mutane suna buga takin da suka saba da shi na Sisiliyan ba tare da sun duba cewa na canza hanya ba. Kenan da na bi tsarin manya zan ƙare sati uku a kan Nf6 alhali abun da zai zo min gobe da safe daban ne. Sai na juya tsarin, na fara da abun da ake buga min, na bar na manya zuwa ƙarshe.

A nan na ci karo da wani tarko da har yau yake kawo min wasanni. Bayan e4 c5, c3 d6, Nf3 Nf6, sai ka buga Be2 kamar ka manta da sojan e4. Idan doki ya cinye shi, Qa4 cek, duk abun da ya tare da shi sarauniya ta ɗauke dokin a e4. Hanyar sarauniya a buɗe take ne saboda c3 ɗin nan da ka buga tun farko. Ba wai a kan tarko zaka gina wasanka ba, amma wannan ba ya ɓata maka komai in bai faɗa ba, Be2 taki ne mai kyau dama, ka yi kasul ka shirya d4 ɗinka.

Sai Study, inda nake ajiye komai. Kana buɗe naka, ka raba shi babi-babi har 64, ka zana kibiyoyi a allo, ka rubuta bayani ƙarƙashin kowane taki, kuma ni da Hausa nake rubuta nawa, irin "kar ka yi saurin cin c5 a nan" ko "dokin nan e5 ne gidansa". Wallahi bambancin da ke tsakanin karanta bayanin wani da Turanci da rubuta naka da harshenka sai wanda ya gwada. Zaka iya rufe shi ya zama naka kai kaɗai, ko ka gayyato aboki ku dinga motsa allo ɗaya lokaci guda shi yana gidansa kai kana naka, mun yi haka da abokin nan nawa dare da yawa muna waya muna gardama a kan taki ɗaya. Akwai kuma yanayin da yake ɓoye taki na gaba sai ka cinka, da wanda zaka mai da babin ya zama darasi mai tambaya da amsa. Shi wannan na ƙarshen yana cin lokaci wajen shiryawa, babi biyu kawai na yi wa haka.

Babin da ya fi ba ni wahala kuma ya fi koya min ces shine na d5. Bayan c3 d5, exd5 Qxd5, d4. A wasu buɗe-buɗen in sarauniya ta fito da wuri haka Nc3 kake bugawa ka kore ta ka ci riba, to a nan sojanka ya zauna a c3 ya tare wa dokin gida, wannan shine kuɗin da kake biya a Alapin kuma gara ka sani tun farko. Yawanci ana musayar sojoji a d4 sai ka rage da soja ɗaya tilo a d4, ba ɗan uwa a c ba ɗan uwa a e. Da farko tsoronsa nake ji, ina ta kare shi kamar ƙwai har a matse ni a cinye. Sai da na zauna na bi wasannin manya ɗaya bayan ɗaya a Explorer, don yana jero maka su a ƙasa ka danna ka kalla, na gane sojan nan makami ne muddin manyan kaya suna kan allo. Yana ba dokinka wurin zama a e5, bishof da sarauniya su haɗa layi su kalli h7, ruk ɗaya a e1 ɗaya a d1 ko c1, kuma kullum kana neman ranar da zaka tura shi d5 ka fasa tsakiya. Shi kuma mai baƙi burinsa ya dasa doki a d5 ya toshe, ya yi ta musayar kaya har a kai ƙarshen wasa inda sojan ya zama nauyi. Kenan duk musayar da aka miƙo maka sai ka tambayi kanka wa take yi wa amfani.

Wasan da na fi maimaitawa a wannan babin shine na Deep Blue da Kasparov, wasan farko na karawarsu a Filadelfiya ranar 10 ga Fabrairu 1996. Kwamfutar IBM ce da fari ta buga masa c3, shi ya amsa da d5, a taki na 23 ta tura d5 ta ba da soja ta wargaza masa jerin sojoji, ya sallama bayan taki na 37. Karon farko kenan da kwamfuta ta ci zakaran duniya mai ci a wasa na cikakken lokaci, duk da dai Kasparov ne ya cinye karawar 4 da 2. Duk wanda ya ce maka Alapin buɗin matsorata ne ka tura masa wannan wasan. Evgeny Sveshnikov ma, wanda wani babban reshe na Sisiliyan yake ɗauke da sunansa, in yana da fari c3 ya daɗe yana bugawa, haka Sergei Tiviakov.

Babin Nf6 ban daɗe a kai ba, e5 Nd5, d4 cxd4, Nf3, sannan Bc4 a taɓa dokin, layi ɗaya na zaɓa na tsaya a kai. Wanda ya buga e6 kuma ya biyo da d5, ka sani in ka tura e5 kun koma Faransanci ne, wato buɗin Faransa, sai ka ɗan leƙa shi ma.

Abu biyu ne zan ce mutum ya shirya musu. Na ɗaya injin Stockfish da ke ciki, mai auna ƙarfin kowane taki, lamba yake ba ka ba dalili ba, zai ce wannan takin ya fi wancan da ɗan kaɗan amma ba zai ce maka saboda me ba, kuma a Alapin sau da yawa lambar kusan daidai take nunawa tun da wuri, in ka biye mata sai ka ɗauka buɗin ba shi da amfani. Gaskiyar magana Alapin ba ta alƙawarin babbar riba tun daga buɗi, abun da take ba ka shine matsayin da kai ka fi abokin karawarka sani. Ni yanzu sai na kashe injin na yi tunanina na rubuta, sannan in kunna in ga ko akwai wata ɓaraka da ban gani ba. Kuma a waya yake aiki ba a can wurinsu ba, don haka in ka bar shi a kunne waya na ɗumi caji na sauka, in babu wuta a kula. Na biyu babu tsarin da zai dinga tuna maka yau ka maimaita layi kaza jibi layi kaza kamar yadda Chessable, shafin kwasa-kwasan ces, take yi, kai zaka tsara wa kanka. Ni Juma'a da safe na ware, in bi babi biyu da ɓoyayyen taki. Studies ɗin da wasu suka wallafa kuma akwai masu kyau akwai na jeka-na-yi-ka, kowa na iya wallafawa, kar ka haddace na wani sai ka gwada shi da rumbun manya.

Abun da ya haɗe min komai shine bayan kowane wasa da aka buga min c5, ko na ci ko an ci ni, ina buɗe nazari in ga a wane taki muka fita daga abun da na rubuta, in ƙara shi a babinsa da jimla ɗaya ta bayani. Sannan sashen fozul ɗinsu ana iya zaɓar na buɗi guda, akwai na Alapin, dukkansu daga wasannin gaske aka ciro su, sai ka ga irin dabarun da ke yawan fitowa daga wannan tsarin sojojin, Qa4 cek ɗin nan da hari a h7 suna ta dawowa. Lichess ɗin kuma ba ta cin data sosai tunda ba bidiyo bane, Explorer ne dai sai da netwok.

Wa zan ba shawarar ya bi wannan hanyar? Mai aiki ko ɗalibi da yake da minti talatin a rana, yana buga e4, kuma c5 ta ishe shi. Wanda yake son wuta tun taki na goma, sarki a dama sarki a hagu ana jifan juna da sojoji, Alapin zata yi masa sanyi, shi ya je ya koyi buɗaɗɗiyar hanyar nan ta Nf3 da d4, kuma kayan aikin nan dai su zasu yi masa. Nawa Study ɗin yanzu babi tara ne, wanda nake kai a wannan satin shine na g6 a taki na biyu, don sau uku aka buga min shi cikin kwana goma kuma har yanzu ban yanke ba tsakanin in tura e5 ko in ci d5 idan ya faso tsakiya.