Akwatin ƙwallayen haɗa molekil: inda ya yi mini rana da inda ya gaza

Duk ɗalibin shekara ta biyu a tsangayar kimiyya ta Jami'ar Abdou Moumouni ya san inda shimi organik, wato ilimin sinadarai masu ɗauke da kabon, take fara cizo. Shekarar farko sunaye ne da rukunoni, mai hadda yana wucewa. A ta biyu malam zai zana molekil a allo, layi ɗaya mai kauri, ɗaya mai ɗigo-ɗigo, ya ce wannan yana fitowa wajenku, wancan yana shigewa bango, sannan ya ce a juya ta a ka, a faɗa masa ko R ce ko S, wato sunayen siffofi biyu da kowacce hoton ɗaya ce a madubi. Allo a shimfiɗe yake, molekil kuwa tana da gaba da baya. Dalilin ke nan da mu uku muka haɗa kuɗi, muka ba wani ɗan kasuwa mai odo kaya daga waje saƙon akwatin ƙwallayen roba da ake haɗa molekil da su. Na yi shekarar karatu ina aiki da shi.

Kayan ciki ba su da wuyar ganewa. Baƙin ƙwallo kabon ne, fari haidurojin, ja oksijin, shuɗi naiturojin, kore kulorin, rawaya sulfa. Akwai gajerun sanduna masu tauri na haɗi ɗaya, da dogaye masu lanƙwasuwa na haɗi biyu ko uku. Darajar akwatin gaba ɗaya tana cikin ramuka huɗu na baƙin ƙwallon nan, waɗanda aka huda da tazarar digiri 109.5 tsakaninsu. Siffar da van 't Hoff ɗan Holan da Le Bel ɗan Faransa suka kawo ke nan a 1874, kowa shi kaɗai, kuma van 't Hoff da kansa sai da ya yanka kwali ya haɗa misalai ya aika wa masana don su gani da ido.

Abin da ya fara gamsar da ni shi ne asid tartarik, sinadarin da ke ba tsamiya tsaminta. Kabon huɗu ne a jere, biyun tsakiya kowanne na riƙe da abubuwa huɗu daban-daban. Lissafin takarda cewa yake a samu siffofi huɗu, littafi kuma ya ce uku ne. Muka ari ƙarin ƙwallaye, muka haɗa su duka a kan tabarma a ɗakinmu na Harobanda, muka jingina madubin aski a bango. Biyu suka ƙi hawa kan juna duk yadda muka juya su, irin biyun da Pasteur ya tsince lu'ulu'un gishirinsu ɗaya bayan ɗaya a 1848. Sauran biyun kuwa, da abokina ya kama ɗaya ya mirgina ta rabin zagaye, sai ta zauna daram a kan 'yar'uwarta, ja kan ja, fari kan fari. Ashe abu ɗaya ne aka zana sau biyu. Ita ce siffar meso, kuma tun daga ranar ban sake neman wanda zai yi mini bayaninta ba.

Siklohegzan ma haka. Da ka haɗa baƙaƙe shida ka rufe zobe, zai ƙi kwanciya, don kwanciyar tana neman digiri 120, ramukan kuwa ba su yarda ba. Da kansa yake lanƙwashewa ya zama siffar kujera. Cikin haidurojin 12, shida suna tsaye sama da ƙasa, shida suna bazuwa gefe. Ka kama kusurwa biyu masu fuskantar juna, ka ɗaga ɗaya ka danna ɗaya, sai duk na tsaye su koma gefe, na gefe su miƙe. Ka cire fari ɗaya na tsaye ka sa rukunin metil, wato baƙi ɗaya mai riƙe da farare uku, yatsanka zai ji yadda yake gogar haidurojin biyu da ke tsaye a ɓangarensa. Shi ya sa kusan kashi 95 cikin ɗari na metilsiklohegzan ke zama da metil a gefe. A darasin E2 kuma, wato sauyin da haidurojin da wani rukuni ke fita tare su bar haɗi biyu, inda ake son haidurojin da rukunin da zai fita su ba juna baya da digiri 180, ƙwallayen sun nuna mana ƙarara cewa a kan zoben nan idan kulorin ne rukunin da zai fita, sai ya miƙe tsaye kafin ya iya fita. Wannan tambaya tana kayar da mutane a jarrabawa, alhali minti kaɗan da zobe a hannu sun isa.

Daga nan ƙarfinsa ya fara raguwa. A SN2, wato sauyin da sabon rukuni ke shiga ta baya a daidai lokacin da tsohon ke fita, inda kabon ke birkicewa kamar laimar da iska ta juya, abin da Walden ya gano a 1896, za ka iya haɗa farko da ƙarshe, amma tsakiyar tana buƙatar ƙwallo mai rami biyar, namu kuwa babu. Tafiyar elektaron kuma, wato kibiyoyin nan masu lanƙwasa da suka cinye rabin darasin, akwatin bai san da zamansu ba. Haɗin aldol, sauyi a kan zoben benzen, dalilin da wani rukuni ke tura sabon shiga zuwa orto da para wani kuma zuwa meta (sunayen wurare ne a kan zoben), duk wannan sai biro da takarda da maimaici. Benzen ma ɓatar da mutum yake yi, don yana fitowa da haɗi biyu da haɗi ɗaya bi da bi, alhali haɗe-haɗensa shida tsawonsu ɗaya. Wanda bai riga ya san haka ba zai ɗauki kuskure ya riƙe.

Ingancin robar matsakaici ne. Da sabunta sandunan suna cije rami har sai yatsu sun yi ja wajen cirewa. Bayan zafin Afrilu da Mayu na Yamai wasu ramukan suka saki, zoben ya riƙa ɓallewa tsakiyar juyi. Jajayen ƙwallaye kuma sun yi kaɗan: gulukos ɗaya na cin shida, sukuros na neman 11, don haka a darasin sukari sai da muka ari na wasu.

Akwai masu cewa Avogadro, shirin zana molekil a kwamfuta, kyauta ne kuma ya fi, kuma gaskiya ne yana auna tsawon haɗi da kusurwa daidai. Ni dai ido kaɗai bai ishe ni ba, kuma ƙwallaye ba ruwansu da ɗaukewar kuran.

Ƙannena masu shiga shekara ta biyu, ku haɗa kuɗi mutum uku ko huɗu ku sayi ɗaya, ya ishe ku. Kafin ku biya, ku sa a buɗe a ƙirga: baƙaƙe kada su gaza 12, jajaye su kai shida ko fiye, dogayen sanduna su kasance a ciki, kuma ku tambaya ko akwai ƙwallo mai rami biyar da ɗan ƙarfen cire sanda.