Takardar CII ta Landan ko CIIN ta gida? Amsa ga ɗan'uwanmu na Dubai

Ɗan'uwa, tunda a Dubai kake aiki kuma inshorar kayan da ke ƙetare iyaka kake son shiga, tsakanin takardun ƙwarewa biyu da ka tambaya a kansu, wato ta CII (cibiyar ƙwararrun inshora ta Ingila) da ta CIIN (takwararta ta Najeriya), ka ɗauki CII ta Landan. Ita nake da ita, ita ce kuma ta fitar da ni daga teburin shigar da bayanai ta kai ni sashen inshorar kayan jirgin ruwa a kamfanin dillancin da nake.

Cibiyar tsohuwa ce, tun 1912 ta samu izinin masarautar Ingila, kuma matakanta a fili suke: satifiket maki 40, difloma maki 120, babbar difloma da ake kira ACII maki 290. Mu da ke wajen Ingila da W01, darasin share fage na inshora, muke farawa. A ɗakina na zauna jarrabawar, a kwamfuta, mai sa ido yana kallona ta kyamara, bayan ya sa na zagaya da ita ya ga ko ƙarƙashin tebur babu takarda. Ba hutun da na ɗauka, ba tikitin jirgi. Ga mai aikin kwana biyar ko shida a mako, wannan kaɗai ya isa dalili.

Amma inda na san kuɗina bai tafi a banza ba shi ne darasin M90, na inshorar kaya a hanya. Akwai wani Alhaji ɗan Kantin Kwari da muke sallar Juma'a tare a unguwar Deira ta nan Dubai duk lokacin da ya zo sari. Wata rana ya nuna mini takardar inshorar kwantenarsa ta yadi, wadda wani kamfani a Legas ya ba shi don cike Form M, takardar shigo da kaya Najeriya, tunda dokar Najeriya ta ce kayan da za a shigo da su a yi musu inshora a kamfanin gida. Ina dubawa na ga sharaɗin C ne, mafi arha, wanda ke biyan gobara, nutsewar jirgi, karo da makamantansu, amma ruwa ya shiga kwantena ya jiƙa kaya ba ya ciki. Na ce, "Alhaji, ka kira su su mayar da ita sharaɗin A." A ɗin shi ne mafi faɗin kariya. Ya yi ta mita kan ƙarin kuɗin, ya dai yi. Na kuma ja kunnensa cewa kariyar tana ƙarewa kwana 60 bayan an sauke kaya daga jirgi, ko da suna tashar Apapa ba a fitar ba. Da aka buɗe kwantenar, rufinta ya huje, dila-dila na sama sun jiƙe har sun fara fumfuna. An biya shi. Daga baya ya aiko mini da shadda yadi goma da kilishi, kuma har yau in ya shigo gari sai ya neme ni da takardunsa kafin ya biya ko sisi.

CIIN kuwa, ba laifi. Tana nan tun 1959, dokar 1993 ta ba ta hurumi, kuma in Legas ko Abuja za ka koma ka riƙe babban muƙami a kamfanin da NAICOM, hukumar inshora ta Najeriya, ke kula da shi, za ta yi maka rana. A nan dai ban taɓa ganin tallan aiki ya nemi ta ba.

Bayan W01 ka cika satifiket, sannan ka shiga difloma: M05 ta doka da M92 ta harkar kuɗi su ne ginshiƙi, sai ka ƙara M90 da kuma M97, darasin inshorar da kamfanonin inshora ke yi wa kansu. Wannan ta ƙarshen ita ce ainihin mai ƙetare iyaka. Kasuwar inshora ta Lloyd's ta Landan tana da ofis a DIFC, cibiyar hada-hadar kuɗi ta Dubai, Africa Re mai hedikwata a Legas ita ma tana nan, kuma haɗarin kamfanonin Afirka da yawa ta irin waɗannan tebura yake bi. In kana jin Faransanci kada ka bar shi ya yi tsatsa, don Nijar, Chadi, Kamaru da Benin duk ƙarƙashin dokar inshora ta bai-ɗaya ta CIMA suke, wadda aka ƙulla a 1992. In zuciyarka ta fi kwanciya da takaful, wato inshorar Musulunci, CII tana da darasinsa a matakin babbar difloma, lamba 590.

Abin da ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa, don ni an taɓa ni. Kafin in san hanya wani ya same ni a WhatsApp, ya ce yana da "difloma ta duniya" a wata uku. Rabin albashina na ba shi. Takardar ta zo da hatimi mai ruwan zinare, na kai wa manajanmu, ya duba sunan makarantar ya miƙo mini ba tare da ya ce komai ba. Irinsu suna nan birjik: mai sayar da "tambayoyin da za su fito", mai cewa zai rubuta maka aikin kwas, mai alkawarin a yafe maka darussa in ka biya ta hannunsa. Aikin kwas ana tace shi, in aka kama satar rubutu kai za a hukunta, shi kuwa ya canza lamba. Yafe darasi saboda digirinka CII da kanta ake nema, a shafinta. Haka duk wanda ya ce ka biya shi kuɗin biza don ya sama maka aikin inshora, ka rabu da shi, dokar ƙwadago ta ƙasar nan kan mai ɗaukar aiki ta ɗora wannan kuɗin.

Kafin ka zare katinka ka je wurin masu kula da ma'aikata a inda kake, kamfanoni da dama suna mayar da kuɗin jarrabawa in ka ci. Kuma kada ka karɓi tsohon littafin kowa, har nawa, don ana sabunta manhajar duk shekara. Ka yi rajistar W01 a wannan watan, in ka kai babin ƙa'idojin biyan diyya ya ɗaure maka kai, ka yi mini magana bayan Isha'i.