Malamin lissafi na yamma a Garwa, ga abinda na gani

Masu ta tambayata kan malamin da yake ma ƴata darasin yamma, bari in amsa gaba ɗaya dan na gaji da maimaitawa a waya. Yarinyar tana turwaziyem, wato aji huɗu na sakandare, bana za ta zana BEPC, jarabawar da ake yi a ƙarshen wannan ajin, kuma tirigonometiri, wato lissafin kusurwa da gefunan alwatika, ne ya kai mu wajensa. A lekol an basu sinis da kosinis da tanjant, wato ƙa'idojin raba tsayin wani gefen alwatika da na wani, sun kwafa a kaye, ta haddace tsaf kamar karatun allo, amma da ka ɗan juya mata alwatikan shikenan ta rikice, bata san wane gefe ne yake kallon kusurwa ba wane ne yake jingine da ita.

To shi wannan bawan Allah bai fara da haddar komai ba. Igiya ya ɗauko ya auna mita 3, 4 da 5, yara uku suka ja ta a tsakar gida sai ga kusurwar 90 ta fito cas, yace musu abinda magina suke yi kenan da santimita 60, 80 da 100 in za su fitar da kwanar ɗaki. Daga nan kullum sai yaro ya ɗora yatsa a kan ipotenis, wato dogon gefen nan da yake fuskantar kusurwar 90, kafin ya yarda ya taɓa bik.

Wanda yafi burge ni aikin gida ne da ya basu. Ta ɗaura zare da ɗan dutse a jikin raportar ɗinta, wato abin auna kusurwa, ta auna mita 10 daga gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, ta saita saman itacen ta samu digiri 35, tanjant ɗinsa wajen 0,7 ne, ta ninka da 10 ya bada mita 7 sannan ta ƙara tsayinta daga ƙasa zuwa ido. Wallahi har babanta saida ya fito yana kallo, shi da yake cewa kuɗin nan asara ne.

Ya kuma gano mata wata matsala da ta daɗe tana cinye mata maki, ashe kalkiletarta a radiyan take, wani ma'aunin kusurwa na daban, ba digiri ba, in ta danna sinis 30 maimakon 0,5 sai ta ga -0,988 ta kwafa abinta hankali kwance.

Inda ban ji daɗi ba, yaran sun masa yawa, benci ɗaya mutum biyar ga zafin Garwa, in aka ɗauke wuta kuma darasi ya tashi. Sannan da aka zo kan masu rasin, wato alamar √, irin kosinis 30 da yake √3/2, gudu yayi sosai, har yanzu nan take tuntuɓe kuma dai irinsu ake so a jarabawa. Gyaran aikin gida ma ba kullum ba. Bayani da Faransanci yake yi yana haɗawa da Fulatanci, Hausarsa kaɗan ce, in ɗanki baya jin Fulatanci ki san da wannan.

Jaka biyar muke biya a wata, ni dai inaga ya ci kuɗinsa. Amma ku kai yaro tun farkon shekara, masu kawowa ana saura wata ɗaya jarabawa tsofaffin takardun BEPC kawai yake basu suyi ta yi, babu igiya babu darbejiya.