Murhun gas na ɗumama 'yan tsaki: yadda ya yi mini a hunturun Sakkwato

Mu masu kiwon kaji a bayan gida a Sakkwato zafi muka saba yin fama da shi, amma daga Disamba zuwa Janairu sanyin asuba ne ke kwashe mana 'yan tsaki. A Kanada da Rasha, inda sanyi ke sauka ƙasa da sifili, zankon zakara da yatsun kaji kan daskare har su yi baƙi. Namu bai kai can ba. Sai dai ɗan tsako a makonsa na farko yana buƙatar ɗumin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Celsius, a riƙa rage masa kamar digiri 3 duk mako har gashi ya rufe shi, alhali wani daren hunturun ko rabin haka ba ya kaiwa.

Bana na sayi murhun gas irin wanda ake ratayawa a saman akurki, a wani shagon kayan kiwo. Ƙwan lantarki mai zafi ya fi shi araha, amma idan aka ɗauke wuta cikin dare shi ke nan. Kaskon gawayi kuma sai an tashi an ƙara, ga hayaƙin da ke shaƙe su.

Abin da ya fi burge ni shi ne zafinsa ba ya hawa da sauka. Na shimfiɗa buntun shinkafa mai kauri, na rataye shi daidai ƙuguna, sai na bar tsakin su nuna mini. In sun cunkushe a ƙarƙashinsa suna kuka, sanyi suke ji. In sun tsere bango suna haki, wutar ta yi yawa. Da na daidaita, sai suka watsu suna ci suna sha, kuma ban sake tarar da waɗanda 'yan uwansu suka danne ba, abin da yake ƙona mini rai kowace shekara.

Yana da nasa aibin. Yana shan gas sosai, ga shi gas ya yi tsada. Ƙurar hunturu tana toshe shi, sai ana kakkaɓewa, in ba haka ba wutar ta koma rawaya. Tiyon da ya zo da shi ma bai kwanta mini ba, sai da na canza. Kuma don Allah kar a lulluɓe akurki ruf da leda. A tare gefen arewa da gabas inda iska ke bugowa, a bar kafa a sama, domin laima da warin kashi suna jawo musu ciwon numfashi.

Mai manyan kaji ba ya buƙatarsa, buhu da busasshiyar shimfiɗa sun ishe shi. Amma wanda zai zuba tsaki a watan Janairu, ina ba shi shawarar ya saya, ya kuma tanadi tukunyar gas ta biyu.